Satin Jan Biro

Zuwa ga jikata 'Yar Tambaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga kakanki, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da ake neman mai cika takarda. Ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Dogo da takwarana. Allah Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, Ya sassauta zuciyar duk wanda zai zauna ya yi miki tambaya, ko da yake in ana bin alhaki, ke ma kin ƙure mutane da yawa tun ba ki iya ɗaura zani ba. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ƙafar kakarki ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta. Bakin ne dai bai taɓa ciwo ba balle a ce ya warke. Babanki ya ƙara tumbi, yana cewa gado ne, ni kuwa ban san wajen wa ya gada ba. 'Yar gwaggonki ta sauka lafiya, an samu mace, mai faɗin goshi irin na dangin ubanta, amma hancin namu ne, mun gode Allah. Baffanki yana nan riƙe da shagona, wanda yanzu yake kira shagonsa, har ya sa an rubuta sabon allo an jingine tsohon a bayan ƙofa yana kallon bango.

Abokina Akawu ne ke riƙe da biro, ni ke magana. Kin san ni ban taɓa zama a aji ba, yayana aka kai, ni aka miƙa wa gwangwanin mai da tsumma aka ce in bi mai gyaran keken ɗinki, kuma har yayan nawa ya koma ga Allah ban ga abin da ya fi ni da shi ba sai iya sa hannu. Na gargaɗi Akawu kada ya gyara mini magana, abin da na faɗa shi zai rubuta, kuma in mun gama zan kai wa baffanki ya karanta mini in ji ko an yi mini ƙari. Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. A waya kina katse ni, kakarki kuma tana tsaye a kaina tana ba da amsa kafin in buɗe baki. Maganar da ke tafe da ni ba ta katsewa ba ce, don haka ki nemi wuri ki zauna.

Ranar da babanki ya fara gaya mini cewa wannan digirin na uku da kike yi, wanda in an gama ake kiran mutum dakta ko bai iya riƙe allura ba, a kan hutu kike yin sa, na ɗauka zolaya ce. Na ce a bar gida a bar dangi a tafi uwa duniya shekara huɗu don a koyi hutu, alhali ga babanki nan ya ƙware a kai ba tare da ya je ko'ina ba. Sai da kika zo da kanki kika zaunar da ni, kika ce ba kwanciya kike nazari ba. Kika ce so kike ki gane abin da kowane rukunin mutane ke yi in sun ajiye aiki, da yadda wannan abin ke sa mutum ya san ko shi wane ne, da abin da yake ƙara masa na lafiya da kwanciyar rai. Kika ce kin raba takardu ga ma'aikatan jinya, da malaman makaranta, da mata masu sayar da kaya a kasuwa, da samarin da ke buga ƙwallo, saura tsofaffin masu sana'ar hannu, kuma ba ki da wanda kika amince wa kamar ni. Na ji daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba. Kika ba ni takardun mutum goma sha biyu, huɗu namu na benci, wato ni da Akawu da Direba da Kafinta, takwas na tsofaffin da ke zama a bakin tasha. Kowa falle bakwai, kowane falle da gidaje gidaje na awoyi daga tashi zuwa kwanciya. Jan biro in mutum yana aiki, shuɗi in yana hutawa. A ƙasa kuma fuskoki uku, mai dariya da mai shiru da mai ɗaure fuska, mutum ya zaɓi yadda ransa ya wuni. Ko jaki aka yi wa wannan bayani zai gane. Kuskurenki ɗaya ne, da Direba ya tambaye ki wa zai duba takardun, kika ce manyan malamanki na jami'a. Da kin ce ke kaɗai za ki gani, da ba a kai ga wannan wasiƙa ba.

Kin san ni da Kafinta ba ma magana, bana shekara tara. Teburin aiki ya yi mini, ƙafa ɗaya ta gaza, yana rawa ko ƙuda ya sauka a kai. Na faɗa masa cikin mutunci, shi kuwa ya ce a gaban jama'a teburinsa lafiya ƙalau, daɓen shagona ne a karkace. Daɓen da na yi da hannuna. Tun daga ranar benci ɗaya muke zama a gindin bishiyar nan ta kusa da mai faci, shi a wancan kai, ni a wannan, Direba da Akawu a tsakiya kamar katanga. In ana dara, ni da Akawu, shi da Direba, in kuwa ni da shi muka ci sai a tattara murafun kwalba a ce rana ta yi. In yana da magana da ni, Direba yake gaya wa, da ƙarfi. To, ranar da motarki ta tashi, ko ƙurarta ba ta kwanta ba, sai ya ɗaga shuɗin bironsa ya dube shi, ya gaya wa Direba cewa akwai wani a bencin nan da biro ɗaya ba zai ishe shi ba, sai an ƙaro masa shuɗi biyu, tunda rabonsa da taɓa aiki tun da ɗansa ya karɓe shago ya ba shi kujera. Ya ce yana tausaya wa yarinyar nan, farfesoshi za su buɗe takardar kakanta su ga ta yi shuɗi kamar an rina ta. Ni kuma na gaya wa Akawu, da ƙarfi, cewa za a gani.

Ranar Litinin na riga baffanki zuwa shago, na tsaya a ƙofa da tsohon akwatin kayan aikina har ya zo ya buɗe. Kekunan yanzu kin san su, duk waya ce da ƙwaƙwalwa, in ka buɗe ba ka ganin abin da za ka sa wa mai. Amma na samu guda uku irin na da, masu feda, na wata tela, waɗanda baffanki ya ce ya gama gyarawa suna jiran mai su. Na ce gyaran yaro sai babba ya duba. Na warware su ukun, na jera ƙusoshi a kan jarida, na wanke komai da kananzir. Biyu sun koma daidai. Na ukun ma ya koma, sai dai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya saura a hannuna, kuma har yau ina nan a kan cewa tun asali ba shi da amfani a ciki. Telar ta zo da la'asar, ga ɗinkin mutane na jiranta, ta taka feda keken ya yi tari ya haɗiye zare. Abin da ta faɗa ba zan sa Akawu ya rubuta ba. Baffanki ya durƙusa har ƙasa, ya roƙe ni don girman Allah in koma gida in huta. Na ce masa kalmar nan ce ba na son ji a satin nan. Awa biyun da muka yi muna musu ma ja na sa musu, domin musu da baffanki aiki ne.

Ranar Talata na ce bari in bi ta gindin bishiya, ba don in zauna ba, don in ga wa ya karaya. Babu kowa, babu benci. Mai faci ya ce da sassafe Kafinta ya zo da baro ya ɗauke shi, wai yana son fiƙa da sabon fenti. Kin ga makirci: ya samar wa kansa aiki, ya kuma tabbatar babu wanda zai samu wurin zama. Kwana biyar yana kankare benci ɗaya, har yanzu in ka zauna kana jin ya rage kauri. Direba kuwa motar surukinsa ya sa a gaba, wanki da safe, wanki da rana, wanki da yamma, har bawan Allah ya koma ajiye motar a layin baya yana ƙarasowa gida da ƙafa. Ranar Alhamis mura ta kwantar da Direba, ya ce jinya ma aiki ce, ya sa ja. Akawu ya ɗago kai yanzu yana cewa nasa ba sai an rubuta ba, na ce rubuta. Jaridun shekara talatin ya zazzage daga saman kwaba yana jera su bisa kwanan wata, ya kuma rubuta takardar koke goma sha ɗaya a kan kwatar layinsu, ko ɗaya bai aika ba. Su kuwa na bakin tasha, da labari ya kai musu cewa 'yan gindin bishiya ba za su taɓa shuɗi ba, suka ce ba za a bar su a baya a ce su ne ragwaye ba. An ce har da mai shekara tamanin da ya karɓi tsintsiya a hannun mai sharar tasha.

Ni tunda an kore ni daga shago, gida na dawo da aikina. Na sa wa duk ƙofofi mai. Na kwance fanka na wanke na mayar, yanzu tana juyawa hagu kaɗai, amma ba ta ƙara. Na wasa wuƙaƙen kakarki har ta yanke yatsa tana yanka albasa. Na jera mata tukwane daga babba zuwa ƙarami, ta wuni tana neman murfi. Ranar Juma'a ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ce shekara hamsin da ɗaya muna tare ba ta taɓa sanin haka nake da rana ba, da ta sani da ta yi shawara. Ta ce in ba a dawo da bencin nan ba ita za ta sayi katako. Abinci ya daina yi mini daɗi, bayana ya riƙe, rediyo ma in na kunna sai in ji ba wanda zan ƙaryata mai labarai a gabansa, in kashe. To a nan ne abin ya haɗu ya cakuɗe, domin a wajen fuskokin nan babu wanda ya yi ƙarya. Ba wanda ya ce mana ɗaure fuska abin kunya ne, hasali ma ya dace da mai aiki. Mu goma sha biyu, kwana bakwai, kowa mai ɗaure fuska ya zaɓa, kuma wallahi haka ran namu yake. Ranar Lahadi na tattara takardu jajaye kamar an yanka kaza a kai, na ba babanki ya aika miki. Litinin benci ya dawo, kowa ya koma gurbinsa, ba wanda ya ƙara ta da zancen. Shuɗin birona ko murfinsa ban cire ba.

Wata huɗu ke nan. Na ɗauka abin ya wuce, takarda ce za a jefa a kwaba kamar sauran takardu. Sai ranar nan babanki ya shigo yana washe baki, ya tara mu a tsakar gida, ya karanta mana saƙonki daga waya. Wai saura sati bakwai ki tsaya gaban malamai biyar ki kare littafinki. Wai a cikin duk abin da kika gano, babu wanda ya girgiza malamarki kamar babin tsofaffin masu sana'a, domin a duk rukunan da kika bincika su kaɗai ne ba su da hutun awa ɗaya a sati, kuma su ne suka fi kowa ƙuncin rai. Wai da shi za ki buɗe jawabinki. Wai da kika ga takardata sai da kika yi kuka. Sannan na ji ashe har kin kira baffanki kin wanke shi tas, kin ce bai ji kunya ba yana bautar da tsoho mai shekara saba'in da shida daga safe har dare. Bawan Allah bai taɓa gaya mini ba. Yana tsaye a jikin bango ana karatun, ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Kakarki kuwa dariya ta kama ta har da tari, sai da aka ba ta ruwa.

Ni ban yi dariya ba. Na je na sami Akawu na tambaye shi, a matsayinsa na wanda ya yi aikin ofis, me ake yi wa wanda ya kawo lissafin da ba haka yake ba. Ya ce bai san dokar jami'a ba, amma a saninsa in aka gina bango a kan rami, ranar da aka gano ba a tambayar wa ya haƙa ramin, mai bangon ake kamawa. Ya ce cikin malamai biyar ba za a rasa mai kaka a gida ba, wanda zai ce shi bai taɓa ganin garin da tsofaffi ba sa zama a gindin bishiya ba. Kwana biyu ina juya abinci a kwano. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi, kuma na samu da yawa: ke da kika ambaci farfesoshi, Kafinta da bakinsa, Direba da ya kai gulma tasha, har da kamfanin da ya yi jan biro ya fi shuɗin gudu a takarda. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni kika danƙa wa takardun nan. Shekara huɗu kina cin sanyin ƙasar mutane, kina goyon yaro kina karatu, sannan a ce tsohon da kika fi amincewa da shi ne zai sa ki tsaya gaban manya ki faɗi abin da ba haka ba. To ga shi na faɗa da bakina, Akawu ya rubuta da manyan baƙaƙe: takardun nan ƙarya ne. Muna zama. Kullum muna zama, daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, in ba ruwan sama ba.

Akawu ya ce faɗa kaɗai ba ta isa ba, tunda mun rushe miki babi sai mu kawo tubalin sake gini, wato a sake satin, na gaskiya. Kin bar falle ɗaya da ba a taɓa ba, baffanki ya kai aka buga mana irinsa. Matsalar ita ce na bakin tasha ba sa jin maganar kowa sai ta Kafinta, domin babbansu ƙanin matarsa ne. Na ce Direba ya je ya gaya masa. Direba ya ce shekara tara yana dakon magana tsakaninmu ba lada, ya ajiye aiki. Na ce Akawu, ya ce hannunsa na ciwo, kamar da hannu ake magana. Haka na sa hula da safe na tafi gidan mutumin nan da ƙafata. Na same shi a zaure cikin garin katako, yana wasa zarto. Na yi sallama, ya amsa, ya leƙa bayana yana neman Direba. Da ya ga ni kaɗai ne sai zarton ya tsaya. Na ce masa ba zancen tebur ya kawo ni ba, zancen yarinya ne, na zayyana masa komai ina tsaye. Sai ya ce yarinyar nan ai jikarsa ce shi ma, shi ya yi miki 'yar kujerar da kika fara zama a kai kina damun mutane da tambaya. Ya ce zai tara na tasha a ranar, amma da sharaɗi, in yarda daɓena ne a karkace. Na ce masa da daɓe da tebur duk na Allah ne. Ya ce wannan gaskiya ne, ya tura mini kujera da ƙafa. A nan muka bar ta. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, kuma na sa Akawu ya rantse ba zai fitar ba, bari in gaya miki: tun shekara biyu da baffanki ya sa aka sake daɓen shagon, teburin nan ya daina rawa. Ni na cire kwalin da ke ƙarƙashin ƙafarsa da hannuna. Wannan kada ya shiga littafi.

Kafinta ne ya kawo dabarar da ta yi aiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ya ce tunda an ga kowa na iya yi wa kansa ƙari, kada wanda ya cika tasa, a yi musaya, kuma kowa a ba shi takardar wanda ba ya raga masa. Ni aka ba ni tasa, shi ya ɗauki tawa. Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya irin haka ba. Ko hamma na yi sai ya duba agogo. Ranar Laraba na gyara rediyon Direba a kan benci, awa guda cur, na ce ja ne, Kafinta ya ce shuɗi ne tunda ina yi ina dariya kuma ba wanda ya sa ni. Aka kai ƙara wajen mai faci, ya raba gidan biyu, rabi ja rabi shuɗi, za ki gani. Ni ma na kama Kafinta ranar Asabar yana gyangyaɗi da guduma a cinya wai yana tunanin aiki. Abin da ba a gani a waje, na cikin gida, matan aka tambaya, kakarki kuwa ta ba da shaida har da abin da ba a tambaye ta ba. A ƙarshe takardata ta tashi da shuɗi awa talatin da takwas da rabi, ta Kafinta arba'in da ɗaya, ki lura da wannan. Fuskoki kowa ya cika nasa. Nawa shida masu dariya ne, ɗaya mai ɗaure fuska, ranar da aka haɗa ni dara da Kafinta karon farko ya cinye ni, kuma na ga lokacin da ya matsar da murfi da gwiwar hannu.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na gani, in ya yi miki amfani ki ɗauka, in bai yi ba ki bar mini kayana. A gida ni tsoho ne, ana ce mini in ɗaga ƙafa za a yi shara. A shago ni Baba ne, ana jawo mini kujera nesa da kayan aiki. A benci kaɗai ake ce mini Makanike. A can Direba direba ne ko da yake shekara goma rabonsa da sitiyari, Akawu akawu ne, in takarda ta zo wa wani a layin shi ake kawo wa. In keken wata ya ƙi ɗinki, takan aiko a tambaye ni a can, in faɗi ciwon daga jin yadda aka kwatanta ƙarar, kuma sau da yawa yakan zama haka ne. Satin da muka tashi don mu nuna wa malamanki mu ma'aikata ne, a satin ne ba wanda ya kira ni da sunan aikina ko sau ɗaya. Shi ya sa har yanzu ina da ƙorafi a kan birukanki. Biyu sun yi kaɗan. Abin da muke yi a gindin bishiyar nan ba aiki ba ne, na yarda, amma ban yarda hutu ne irin na babanki ba. Ku da kuka yi karatu ku nemo masa suna da launi.

Akawu yana cewa wai in aka dubi abin da kyau, riba kika ci, tunda ga mutum goma sha biyu a satin da babu benci, ga su kuma a satin da akwai, kowa ya ga bambanci. Ni ma na so in ce haka, har na so in ce ki gode mini. Amma ban san aikinku ba, kuma ba zan sake yanke miki hukunci a kan abin da ban sani ba, sau ɗaya ya isa. Abin da na sani shi ne kada ki jira ranar tsayuwa. Ranar da ambulan ɗin nan ya iso, ki ɗauki sababbin takardun da wannan wasiƙa ki kai wa malamarki, ki fassara mata ita duka, ban da zancen tebur. Ki gaya mata ke ba ki yi ƙarya ba, ƙarya aka yi miki, kuma ga waɗanda suka yi ta sun kawo kansu. In ta ce sai an ɗaga ranar, a ɗaga, gara jinkiri da abin kunya. In akwai faɗa, ki ba ta lambar babanki a kira ni, zan tashi tsaye in cire hula in saurara har ta gama, ke ki fassara, kuma ba zan katse ta ba. Ki kira baffanki ki ba shi haƙuri, ni na riga na ba shi nawa, a gaban matarsa ma. In kuma wannan abu ya jawo miki ƙarin wata shida a ƙasar mutane, to ki yafe wa kakanki. Ban saba roƙon wannan ba, Akawu ma sai da ya tambaye ni ko ya ji daidai.

Kakarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci, hotonki na ƙarshe duk wuya ne. Babanki da mamarki da baffanki da gwaggonki da mai jego suna gaisuwa. Ki gaishe mini da Dogo, ki ce masa na gode da haƙurin zama da mai tambaya. Ki shafa mini kan takwarana. Direba da Akawu da mai faci suna gaishe ki, Kafinta ma ya ce a gaishe ki, kuma ni ya gaya wa, ba Direba ba.

A ƙasan wannan takarda za ki ga tabon yatsa goma sha biyu, kowa ya dangwala nasa shaida cewa abin da aka rubuta haka ya faru. An yi gardama a kan wa zai fara, Kafinta ya ce shi ya fara tsokana, na ce amanar a hannuna take. Babban da ke sama da na kowa, wanda ya ɗan goge, shi ne nawa. In malamarki ta tambayi wa za a kama, ki nuna mata shi.

Allah Ya ba ki sa'a, Ya yi miki albarka.

Ni ne kakanki,
Makanike